Gani ya kori ji: yini guda na ƴan makarantar Yamai a garin Sayi

Tsakanin Yamai da Sayi kimanin kilomita 55 ne. Motar da ta tashi daga gindin gadar Kennedy da ƙarfe 7 na safe, in babu tangarɗa a hanya, za ta shiga garin tun kafin rana ta yi zafi. Duk da wannan kusanci, da yawa daga cikin ƴan makarantar babban birni sukan gama lise, waɗansu har su gama jami'a, ba su taɓa sa ƙafa a garin ba. Sun haddace sunansa domin jarrabawa, sun ja layi a taswira daga Sayi zuwa Barwa, amma ba su ga mashigin da fatake suka yi shekara da shekaru suna ƙetarewa ba, ba su kuma tsaya a bakin hubbaren malamin da ya kafa garin ba.

A ƙasar Spaniya akwai wani tsohon birni mai suna Toledo, wanda nisansa da babban birnin Madrid bai wuce kilomita 70 ba. Kowace safiya ɗalibai na ƙasar da na waɗansu ƙasashe sukan shiga jirgin ƙasa, cikin kamar rabin awa su sauka, su yini suna zagaya masallatai da majami'u da ganuwa, da maraice su koma. Masu ilmi a can suna ɗaukar wannan yini a matsayin darasi kamar sauran darussa. Yamai ma tana da irin wannan gari a ƙofar gidanta, shi ne Sayi, wanda ake rubutawa Say a takardun Faransanci. Ga yadda yini guda a cikinsa yake tafiya ga ajin da ya shirya, ga abin da ɗalibi yake komawa gida da shi, ga kuma abin da yake tare hanya a yau.

Shiri da tashi

Tafiya irin wannan tun mako biyu ko uku kafin ranarta take farawa. Malamin tarihi yakan nemi izinin shugaban makaranta da na iyaye, a rubuta takarda zuwa ga hukumomin Sayi domin su san da zuwan baƙi, a tara kuɗin kar, kowane yaro kuma ya tanadi guzurinsa: burodi, da dabino, da ƙuli-ƙuli, da ruwan sha. Malami mai dabara yakan kasa ajin kashi huɗu ko biyar, ya ba kowane kashi aikinsa. Waɗansu su tambayi tarihin malamai, waɗansu su kula da kogi da sana'o'insa, waɗansu su duba kasuwa, waɗansu su zana taswirar gari. Ta haka yawon buɗe ido yake zama karatu, domin yaron da ya san za a tambaye shi gobe ba ya barci a mota.

Darasi na fari a kan gada yake. An buɗe gadar Kennedy a shekarar 1970. Kafin nan jirgin fito da kwale-kwale ne suke ƙetarar da mutane da motoci. Kogin da ke ƙarƙashinta shi ne Isa, wanda mutanen Najeriya suke kira Kwara. Zabarmawa suna kiran gaɓar hagu, inda tsohon garin Yamai yake, da sunan Hausa, gaɓar dama kuma Gurma. Saboda haka ɗalibin da ya hau gada ya bar Hausa ke nan ya shiga Gurma, ko da yake bai fita daga birnin da aka haife shi ba. Daga nan mota takan ratsa Harobanda, ta wuce jami'ar da aka kafa a 1971, wadda aka raɗa wa sunan Abdu Mumuni a 1992, sa'an nan ta kama hanyar kudu. Gidaje sukan yi ta raguwa, tuddai masu jan dutse su bayyana, da gonakin gero da garken shanun Fulani. Kusa da Sayi kuma akwai fadamun shinkafa na ban ruwa, irin waɗanda hukumar ONAHA take kula da su tun bayan kafa ta a 1978.

Gaisuwa kafin tambaya

Baƙo ba ya shiga gari ya fara da tambaya. Ajin yakan fara sauka wurin perefe da magajin gari, a gabatar da takarda, sa'an nan a nufi ƙofar sarki. Sarautar Sayi ana kiranta Alfaize, watau ɗan Alfa da harshen Zabarma, domin masu riƙe da ita zuriyar malamin da ya kafa garin ne. Wannan suna kaɗai darasi ne. A garuruwa da yawa sarauta takan tuna wa mutane da mayaƙi ko maharbi; a nan malami take tunawa.

A zaure akan tuɓe takalma, ƴan mata su gyara lulluɓi, babba daga cikin malamai ya yi gaisuwa a madadin kowa. Nan ne wata matsala takan taso wadda aji bai saba da ita ba. Dattawan Sayi da Zabarmanci ko Fulatanci suke ba da labari, littattafan da suke ambata da Larabci aka rubuta su, yaran kuma da Faransanci za su rubuta rahotonsu, alhali waɗansu daga cikinsu Hausa ce harshen gidansu. Dole a sami tafinta a cikin ajin kansa. Sau da yawa yaron da ba ya ɗaga hannu a makaranta, saboda Faransancinsa bai nuna ba, shi ne yake zama idon kowa a wannan rana, domin shi kaɗai yake jin abin da tsoho yake faɗa.

Malamin da ya kafa gari ba da takobi ba

Labarin da ɗalibai suke ji a zaure, da wanda masana suka rubuta, sun haɗu a kan mutum guda: Alfa Mahamman Jobbo, malami Bafillace wanda asalinsa daga wajen Masina ne, a ƙasar Mali ta yau. Ya biyo kogi yana gangarowa da almajiransa, ya zauna a wajen Gao, ya yada zango a wurare da dama, har da tsibirin Neni da ke daura da Yamai, daga baya ya tabbata a Sayi wajen shekarar 1825.

Zamanin nan na jihadi ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara nasa a 1804, ƙanensa Abdullahi kuma ya riƙi yammacin daular daga Gwandu. A ko'ina tuta da doki suke kafa mulki. Alfa Mahamman Jobbo bai bi wannan hanya ba. Da karantarwa da wa'azi da sulhunta masu faɗa ya tara jama'a: Fulani, da Zabarmawa, da masunta, da baƙi daga nesa. Gwandu ta amince da Sayi a matsayin wakiliyarta a wannan yanki na kogi, sarakunan kewaye kuma suna kawo ƙararrakinsu wurinsa domin sun yarda da adalcinsa. Bayan rasuwarsa ɗansa Abubakar ya gaje shi. Hubbarensa yana nan a garin, mutane suna ziyartarsa har yau.

A bakin hubbaren ɗalibai sukan yi shiru. Gini ne marar ado, ba kamar abin da suka gani a hotunan littafi ba, wani ma yakan ji kamar an rage masa wani abu. Aikin malami ne a nan ya nuna musu cewa abin da mutumin ya bari yana cikin zaurukan karatu da suka kewaye wurin. A Sayi tafsirin Alƙur'ani da harshen Zabarma yana da tsohuwar silsila, daga malami zuwa almajiri, har wani masani ɗan ƙasa, Mulai Hasan, ya rubuta kundin digirinsa na dakta a kanta a 1995. Yaron da ya zauna rabin awa a irin wannan zaure ya ga makarantar da ta girmi lakwal da shekaru masu yawa.

A bakin mashigi

Kafin azahar akan gangara bakin kogi. Idan an dace da Juma'a, ranar kasuwar Sayi, za a tarar da kwale-kwale suna ta sauke mutane da buhunan shinkafa da kifi da tabarmi. Wannan mashigi shi ne dalili na biyu da ya ɗaukaka garin. Yana ɗaya daga cikin wuraren da fataken Hausa suke ƙetare kogi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Madugu yakan iso da ayarinsa daga Kano ko Sakkwato, da jakuna ɗauke da tufafi da kanwa da fatu, a yi cinikin fito, a huta, sa'an nan a shiga ƙasar Gurma. Garin malamai ya zama kuma zangon fatake, kowanne yana amfanar ɗaya.

A nan ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya fara ganin kogin a ranar 20 ga watan Yuni na 1853. Daga Sakkwato ya fito, ya biyo ta Gwandu, inda ya sami kwafin littafin Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya. Ya ƙetare a cikin manyan jiragen katako, Abubakar ɗan Alfa ya karɓe shi, ya wuce ya isa Tumbutu a watan Satumba, ya sake biyowa ta Sayi a 1854 a kan hanyarsa ta komawa. A littafinsa ya bayyana garin da cewa yana cikin kwari, yana da gajeriyar ganuwar ƙasa, gidajensa mafi yawa na zana ne, zafinsa kuma ya dame shi ƙwarai. Ɗaliban da suka tsaya a wurin a watan Afrilu ba sa musa masa maganar zafi.

Akwai wani abu a labarin Barth da ya kamata a karanta wa yara a bakin ruwan. A lokacin da ya zo, hanyar da ke tsakanin Gwandu da Sayi ba ta da lafiya, domin tun 1849 Kabi da Arewa da Zabarma da Dandi suka yi wa Gwandu tawaye. Ciniki ya ja baya, matafiya suna tafiya da tsoro. Garin da ke rayuwa da mashigi, idan hanya ta rufe, shi ne yake fara ji a jikinsa.

Kogin kansa ma yana da nasa tarihin. A watan Yuni na 1985, bayan fari mai tsanani, ruwansa ya tsaya da gudu a Yamai. A watan Satumba na 2020 kuma ya cika har ya kai wajen mita 7 a ma'aunin Yamai, ya karya madatsai, ya cinye unguwanni da gonakin shinkafa. Masunta da manoman Sayi sun ga duka biyun da idonsu, kuma ba su ƙi gaya wa mai tambaya ba.

Layin da aka ja a Landan

Bayan cin abinci a inuwa, lokacin taswira ya yi. A ranar 5 ga watan Agusta na 1890, a birnin Landan, Ingila da Faransa suka sa hannu a kan wata yarjejeniya wadda ta ja layi daga Sayi, a bakin kogin Isa, zuwa Barwa, a bakin tabkin Cadi. Abin da ke arewa na Faransa ne, abin da ke kudu na Ingila, da sharaɗin cewa duk abin da yake na daular Sakkwato zai faɗa hannun kamfanin Ingila mai ciniki a kogin. Babu wanda ya tambayi mutanen Sayi, ko na Barwa, ko na garuruwan da ke tsakani. Waɗanda suka sa hannun ma ba su taɓa ganin wurin ba.

Faransa ta aiko da hafsanta Monteil domin ya ga abin da ta samu. Ya iso Sayi a watan Agusta na 1891, ya wuce Sakkwato da Kano da Kukawa, ya fita ta Tarabulus a ƙarshen 1892. A 1896 ayarin Hourst, wanda ya gangaro kogi daga wajen Tumbutu, ya yi watanni a wani tsibiri kusa da garin. A 1897 sojan Faransa suka kafa bariki a Sayi. A farkon 1899 kuma rundunar Voulet da Chanoine, wadda wani sashenta ya biyo ta Sayi, ta kama hanyar gabas tana ƙone garuruwa, ta yi karo da Sarauniya a Lugu, ta yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni.

Layin 1890 bai tsaya yadda aka ja shi ba. An sake shi a 1898, da 1904, da 1906, sa'an nan aka bi shi da ƙafa ana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Daga nan ne iyakar Nijar da Najeriya ta fito, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda ta raba Maraɗi da Katsina, ta raba Ƙonni da Illela. Ɗalibin da kakarsa take Katsina, mahaifinsa kuma ɗan Maraɗi ne, a Sayi yake tsaye a kan wurin da aka fara auna rabuwar danginsa.

Garin kansa ma an yi ta jujjuya shi. Turawa sun haɗa shi da Dahome, suka mai da shi ƙarƙashin mulkin da ke Bamako, suka sa shi cikin Haute-Volta a 1919, sai dokar 28 ga Disamba 1926 ta dawo da shi cikin Nijar, a shekarar da Yamai ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram. Takardun wancan lokaci ne kotun duniya da ke Hague ta duba kafin ta yanke hukunci a kan iyakar Nijar da Burkina Faso a watan Afrilu na 2013. Ma'aikacin hukuma da yake ganin tsohuwar takarda ba ta da amfani, ya tuna da wannan.

Jami'a da takardu

Zango na ƙarshe shi ne Jami'ar Musulunci da ke gefen gari. A taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Lahore ta Pakistan a 1974 aka yanke shawarar kafa jami'o'i biyu a Afirka, ɗaya a Nijar ɗaya a Uganda. Ta Nijar a Sayi aka gina ta, ta fara karatu a 1986, tana karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma. Tsohon sunan garin a fagen ilmi yana cikin abin da ya sa ya dace da ita.

Tsofaffin littattafan yankin kuwa, waɗansu suna hannun iyalan malamai, a cikin gafaka da akwatuna. Waɗansu suna Yamai, a sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar bincike ta IRSH, inda ake ajiye da kimanin 4,000. Bubu Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974, shi ne ya fara tara su. Tarihin baka kuma cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a Yamai a 1968, ta ɗauki da yawa a kaset. Julde Laya, ɗan Tamu a gundumar Sayi, ya daɗe yana shugabantarta. Ashe rabin abin da yaro ya je nema a Sayi yana ajiye a garinsu, sai dai ba a taɓa kai shi ya gani ba.

Abin da ya haɗa kogin Isa da Andalus

A inuwar jami'ar, kafin a hau mota, malami yana da damar ya komo da zancen Toledo, domin tsakanin wancan birni da wannan kogi akwai tsohuwar dangantaka. Musulmi sun mulki Toledo, wanda Larabawa suke kira Ɗulaiɗula, tun daga farkon ƙarni na 8 har zuwa 1085, lokacin da sarki Alfonso na 6 ya karɓe shi. Bayan haka birnin ya zama matattarar masu fassara. Musulmi da Yahudawa da Kirista suka yi aiki tare suna juya littattafan Larabci zuwa Latin. Gerard na Cremona, wanda ya rasu a 1187, ya fassara littattafai fiye da 70, har da littafin likitanci na Ibn Sina da na lissafi na al-Khwarizmi. Ta wannan ƙofa ilmi mai yawa ya shiga jami'o'in Turai. Aikin da yaron nan mai jin Fulatanci ya yi da safe a zauren sarki ɗan'uwan wancan aiki ne.

Mutanen Andalus ma sun iso bakin kogin Isa. Abu Ishak al-Sahili, mawaƙi ɗan Granada, ya biyo Mansa Musa daga aikin hajjin 1324, ya rasu a Tumbutu. Zuriyar Kati ta Tumbutu tana riƙe da cewa kakanta Ali ɗan Ziyad daga Toledo ya fito wajen 1468, gwamnatin yankin Andalus kuma ta taimaka aka gina wa littattafan iyalin ɗaki a 2003. Judar Basha, wanda ya jagoranci rundunar sarkin Maroko ya karya daular Sanwai a Tondibi a 1591, haifaffen Spaniya ne. Waɗanda suka ƙi miƙa wuya, ƙarƙashin Askiya Nuhu, kudu suka gangaro zuwa Dandi, ƙasar da ke bin kogi a ƙasan Sayi, suka ci gaba da yaƙi daga can.

Dutse da laka

Inda garuruwan biyu suka bambanta shi ne abin da aka yi gini da shi. A Toledo akwai wani ƙaramin masallaci na tubalin wuta da aka gina a shekarar 999, wanda aka mai da shi majami'a daga baya. Yana nan tsaye, ɗalibi yana iya taɓa bangonsa. Hukumar UNESCO ta sa birnin cikin kayan tarihin duniya a 1986, shekarar da jami'ar Sayi ta buɗe. Dutse yana jiran mai ziyara ko da shekara dubu ce.

Tarihin Sayi kuwa a cikin laka yake, da takarda, da ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma babu ɗaya daga cikinsu da yake jira. Laka ruwa yana cinta. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye ne domin mutanen garin ba su daina yaɓe ta ba, kuma wannan kulawa tana cikin abin da ya kai tsohon birnin ga shiga lissafin UNESCO a 2013. Takarda gara da laima suna cinta. Tsoho kuma idan ya kwanta dama, abin da ba a tambaye shi ba ya tafi da shi. Saboda haka ajin da ya zo da littafin rubutu da na'urar ɗaukar magana yana karɓa, yana kuma ajiye wa garin abin da yake shirin ɓata.

Hanya

Abin da yake tare wannan tafiya a yau shi ne rashin tsaro. A ƙarshen watan Nuwamba na 2018 gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a gundumomin Sayi da Torodi da Tera, saboda hare-haren ƴan bindiga. A ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe mutum 8, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, a dajin raƙuman dawa na Kure, wurin da yake cikin wuraren da mutanen Yamai suka fi zuwa yawon yini guda. Gandun dajin W da ke kudu da Sayi, wanda aka kafa a 1954, UNESCO kuma ta amince da shi a 1996, ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai. A jihar Tillaberi an rufe ɗaruruwan makarantu. Babu uban da za a zarga idan ya ƙi sa hannu a takardar izini, babu kuma shugaban makarantar da ya kamata ya ɗora yara a mota ba tare da amincewar hukumomin tsaro ba.

Hasarar da ke cikin wannan ba ta fitowa a lissafin kowa. Yaran da suka shiga lakwal a 2018 yanzu sun kai manyan azuzuwa, kuma da yawa daga cikinsu ba su san ƙasarsu ba sai iyakar inda gidajen Yamai suka ƙare. A wayar hannu suna iya zagaya titunan Toledo, amma garin da ke tafiyar awa guda ya yi musu nisa. Daga cikinsu ne za a sami perefe da alƙali da malamin gobe, waɗanda za a tura su yi aiki a garuruwan da ba su taɓa gaida dattawansu ba.

Abin da ya rage a yi

Kafin hanya ta buɗe sosai akwai abin da yake hannun hukuma da malamai. Rabin tafiyar ana iya yinta a cikin Yamai: a kai aji gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama, a nemi izini a nuna musu rubuce-rubucen IRSH, a saurari kaset na CELHTO, a tsaya a bakin kogi a nuna musu tsibirin Neni. Ana iya gayyato malamai da dattawan Sayi su zo makarantu su ba da labari da harshensu, yara su fassara su rubuta. Iyalan da ke riƙe da tsofaffin littattafai suna bukatar a taimake su da akwatuna da ɗaukar hoto, ba tare da an raba su da gadonsu ba. Waɗanda suka gama yaƙi da jahilci kuma, musamman mazauna garuruwan bakin kogi, suna da abin yi babba: wanda ya iya rubuta harshensa yana iya zama gaban tsohon unguwarsu ya rubuta abin da ya sani, ya sa kwanan wata da sunan gari, ya ajiye.

A ranar da tafiya ta yiwu, kar yakan baro Sayi bayan la'asar domin ya hau gada kafin magariba. Yara sukan dawo da ƙura a ƙafa, da busasshen kifi a leda, da littattafan rubutu cike da sunaye waɗanda rabinsu ba a rubuta daidai ba. Washegari kowane kashi yakan tashi gaban allo ya karanta abin da ya samo, a gyara, a haɗa, a aika da kwafi guda zuwa ga dattawan da suka karɓe su. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya buɗe hanyar Sayi ga ƴan makaranta.